Hedwig Kowalik a Bakin Get

Zahltag muke ce mata, ranar biya. Jikokina har yanzu suna faɗin kalmar, amma abin da suke nufi shi ne kuɗi ya faɗa banki ba tare da kowa ya gan shi ba. Mu a unguwar ma'aikatan ramin kwal, idan aka ce Zahltag ana nufin ƙarfe biyu na rana, da ambulan ruwan ƙasa mai sunan mijinki a jiki, da mata tsaye a bakin get. Sau uku take zuwa a wata. Yaro ɗan shekara uku ya san ta, don ran nan ne ake ganin tsiran nama a cikin miyar wake. Mai kanti ya san ta, mai mashaya ya fi kowa saninta. Idan mace ta ce wa maƙwabciyarta "sai Zahltag", ba sai ta ƙara wani bayani ba.

Zuwa bakin get kuwa ba shan iska ba ne. Tsakanin ofishin biya da gidajenmu akwai mashaya huɗu, don haka duk matar da ta san halin mijinta sai ta ɗaura ɗankwali ta je ta tare shi tun bai tsallaka titi ba. Tsayuwarki a wurin shela ce cewa mijinki ba abin yarda ba ne. Ni Trude Sobotka na yi wannan tsayuwar shekara ashirin da uku, a zafi da a ƙanƙara, saboda Alfons ɗina mutumin kirki ne har zuwa lokacin da aka miƙa masa kuɗi. Duk da haka ban taɓa karɓar ambulan ɗinsa da baki a rufe ba. Daga tagar biya zuwa get taki hamsin ne kacal, amma ya ishi babban yatsansa ya farke takardar ya zare Mak biyar, kuɗinmu na lokacin. Duk mashayan haka suke yi, kuma duk mun san wannan yagar.

Hedwig Kowalik ba ta zuwa bakin get. Bango ɗaya ne ya raba ɗakin girkinta da nawa, bayan gida ɗaya muke shiga a tsakar gida, amma shekara ashirin ina ce mata Frau Kowalik tana ce min Frau Sobotka, wato Uwargida wance, kamar baƙi. A unguwar aka haife ta, a 1911, ubanta ma ɗan rami ne. Tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta aikatau gidan wani mai shagon magani a cikin gari, ta yi shekara tara a can, ta dawo mana da ɗabi'ar sa wa labule sitaci da cin dankali da cokali mai yatsu ko da ita kaɗai ce. A 1934 Ewald Kowalik ya samu aiki a ƙarƙashin ƙasa, a shekarar suka yi aure. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Ulla, wadda ta auri wani ma'aikacin gidan waya ta bar unguwar.

Ewald ba shi da surutu. Daga rami sai ɗakin tattabarunsa, kuma shi ke riƙe agogon ƙungiyar masu tseren tattabaru, abin da ba a ba mutum sai an yarda da shi ɗari bisa ɗari. Giya kofi ɗaya yake sha ranar Kirsimeti, shi ma ba ya shanyewa. Ranar biya sai ya zo gida kai tsaye, ya ajiye ambulan a ƙarƙashin gwangwanin sukari yadda aka ba shi. Hedwig ta wanke hannu, ta ɗauko wuƙar dankali, ta tsaga bakin takardar sak kamar tela, ta ba shi na taba da na hatsin tsuntsaye. Mu kuwa idan za mu wuce zuwa get, tana zaune a tagarta tana fere.

"Frau Sobotka, an fita? A sauka lafiya."

Shi ke nan abin da take faɗa. Ba zagi a ciki, amma ni da za ta zage ni da na fi jin daɗi. Ba na son matar nan ko kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Ranar biyan farko ta watan Fabrairu, 1958, muna tsaye muna buga ƙafa saboda sanyi, sai ga ta da baƙar jakarta da hular zuwa coci. Ta zo ta tsaya a gefenmu ba ta kalli kowa ba. Lene Dudek, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta zungure ni.

"A'a, Trude, idona ne ko kuwa? Frau Kowalik, ɓatan hanya kika yi? Coci can baya yake."

"Na san inda coci yake, Frau Dudek."

"To sannu da zuwa. Matso nan kusa da bango, iska ba ta kai nan. Mu tsofaffin hannu ne, za mu koya miki."

Ga yadda abin yake a raminmu. 'Yan aikin safe suna fitowa ƙarfe ɗaya su yi wanka, tagar biya ba ta buɗewa sai biyu. A wannan awa ɗaya da yawansu sukan tsallaka titi su ɗan kora wani abu mai zafi a kantin da ke kallon get, sannan su dawo su hau layi. Ofishin a saman bene yake, matakalarsa ta ƙarfe ce a waje, hawa talatin da takwas, da ɗan fili a tsakiya. A can sama helma Overbeck yake tsayawa yana duba lambar kowa. Daga bakin get ana ganin komai tas.

Ewald ya kama hawa tare da sauran. Da ya kai filin tsakiya sai ya tsaya, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, jikinsa yana ɗan tangaɗi. Na baya suka fara gunaguni. Helma ya leƙo. Sai muka ji wata murya da ba mu taɓa sanin tana cikin ƙirjin Hedwig ba.

"Ewald Kowalik! Mashayin banza! Ko kunya ba ka ji, da furfurarka? Tun ba a biya ka ba ka cika cikinka? Ka sauko ka same ni, yau za ka gane kurenka!"

Sai aka fashe da dariya, maza a matakala, mata a get. Helma har da riƙe ciki. Ya ce, "Kowalik, ashe kai ma ka shigo gari! Hau a hankali, kar ka faɗo mana." Ewald ya huta iya hutawarsa ana ta yi masa tsiya, sannan ya ƙarasa. Da ya fito, Hedwig ta fizge ambulan ta jefa a jaka kafin ka ƙifta ido, ta damƙi hannunsa, ta tasa shi gaba tana faɗa. Duk taki ashirin sai sun tsaya ta ƙara wanke shi tas. Yana wucewa ta gabanmu warin barasa ya buge mu.

Na ji daɗi. Wata uku ina jin daɗi, kowace ranar biya, har da ni a masu tambayarta ko sitacin labule ya ƙare.

A watan Mayu na gane. Mun biyo hanya ɗaya, su a gaba ni a baya, Alfons ya riga ya sulale min. A kwanar layinmu, inda ba kowa, Ewald ya jingina da katanga ya fara zamewa ƙasa, ita kaɗai ta kasa tare shi. Na sa kafaɗa na tallafe shi ta ɗaya gefen. Ni fa shekara goma sha tara ina kwana da mashayi. Warin giyar da ke fitowa daga cikin mutum daban, na wadda aka zuba a kwalar riga daban. Numfashin Ewald ba komai a cikinsa sai ƙara kamar ana jan zarto, leɓunansa kuma sun yi shuɗi. Muka shigar da shi muka zaunar a kujera kusa da taga. Ban fita ba. Na ja kujera a ɗakin girkinta, karo na farko a shekara ashirin.

"Frau Kowalik, wannan ba giya ba ce."

"Giya ce."

"Haba! Ni za ki koya wa giya?"

Ta daɗe tana goge teburin da ba abin da ya same shi, sannan ta zauna. Ƙurar dutse ce ta cinye masa huhu, tun kakar bara abin ya tsananta. Ka'idar kamfaninmu a lokacin, wanda ya cika shekara ashirin da biyar cur a ƙarƙashin ƙasa yana fita da cikakken fansho, matarsa ma ta ci gaba da karɓa bayan ransa. Wanda aka cire daga ramin aka hau da shi sama saboda ciwo kafin nan, sai a ba shi tsintar duwatsu a cikin kwal, albashi ya faɗi, fansho ya bi shi. Lokacin da ta fara zuwa get, Ewald saura masa wata goma sha huɗu. A cikin rami duhu ne, kowa baƙi, kowa yana tari, helma kwal ɗin da aka fitar kawai yake dubawa. Sauran ranaku Ewald yakan zauna a ɗakin wanka sai kowa ya watse, ya lallaɓa gida ta bayan layin dogo. Amma ranar biya dole ya hau matakalar nan da rana tsaka, da wankakkiyar fuska, a gaban Overbeck. Mutum biyu helma ya riga ya tura wa likitan kamfani daga kan matakalar, duka an hau da su sama.

Ta ce, "Mashayi dariya ake yi masa. Mai ciwon huhu takarda ake rubuta masa. Ranar biya arba'in da biyu ce, na ƙirga. Mun ci goma."

"Shi ya yarda?"

"Sai da ya yi sati bai yi min magana ba. Sannan ya ce, Hedi, ni dai ba daɗewa zan yi ba, gara in bar miki abin da za ki ci."

"To a ƙasa fa? Wa ke cika masa kekunan kwal? Wannan ko shebur ba zai iya ɗagawa awa takwas ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Ki tambayi mijinki, Trude."

Ran nan ta fara kiran sunana. Washegari na tare Alfons yana ɗaure takalmi, na ce ashe tun kaka kai ke yi wa Ewald rabin aikinsa ba ka faɗa min ba? Ya ce, "Me ya dame ki? Ba ni Mak biyu." Na ba shi ɗaya.

Daga nan na shiga aikin. Nawa ba wuya: in Hedwig ta fara faɗa sai in taya ta da tsokana da ƙarfi, in ja hankalin mata da na helma zuwa get, Ewald ya samu minti biyu yana numfashi. Ban gaya wa kowa ba. Ulla ma ba a gaya mata ba, don Hedwig ta ce yarinyar ba ta iya ƙarya, kuka za ta yi a gaban mutane.

Abin ya ci musu da yawa. 'Yan ƙungiyar tattabaru suka zo su uku, huluna a hannu, suka ce ba don komai ba, amma agogo yana son hannun da ba ya rawa. Ewald ya ɗauko ya miƙa musu, har ya nuna wa sabon mai riƙon yadda ake murɗa shi. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi masa wa'azin rabin awa, Hedwig ta ba shi kofi ta yi godiya. Wanda ya fi zafi shi ne na Ulla. Labari ya kai mata, ta zo da kanta wata ranar biya ta tsaya daga nesa ta ga uwarta tana ihu, ubanta yana tangaɗi. Daga ranar ta daina kawo 'yarta Renate ranar Lahadi. Ta ce ba za ta ɗora yarinya a cinyar mai warin barasa ba. Ewald ya saba ɗaukar Renate ya nuna mata ƙwan tattabaru. Daga nan ranar Lahadi yakan daɗe a taga.

A watan Janairu, 1959, saura ranar biya bakwai, aka yi sanyin da ya daskarar da famfon tsakar gida. Irin wannan iskar ko mai lafiya tana yanka masa ƙirji. Ewald bai ma kai filin tsakiya ba, a hawa na goma sha biyu ya durƙusa. Hedwig ta yi ihu, na taya ta, amma wannan karon bai tashi ba. Helma ya daina dariya. Muka ga ya sa littafinsa a aljihu ya fara saukowa.

Alfons yana hawa uku a bayan Ewald. Sai kawai ya saki jiki ya faɗi a kansa, ya rungume shi, ya ɓarke da waƙa, fuskarsa ta rufe ta Ewald. Shi dai ba sai ya yi wasan kwaikwayo ba, ya riga ya sha uku a kanti. Hedwig ta ture mai gadi, abin da mace ba ta taɓa yi ba, ta ratsa fili da gudu, hularta ta faɗi ba ta waiwaya ba. Ta riga helma isa. Ta janye Alfons, ta ɗago haɓar mijinta, ta zabga masa mari. Har bakin get muka ji ƙarar. Ta ƙara masa na biyu a ɗaya kuncin. Fuskarsa ta yi ja, shuɗin ya ɓace.

"Ka kashe ni da kunya, Ewald! Ka gama da ni a garin nan!"

Kuka take yi sosai, kowa ya ɗauka na baƙin cikin giya ne. Overbeck ya tsaya hawa biyu a samansu, ya shaƙi warin da ke tashi daga mutum biyun, ya yamutsa fuska.

"Frau Kowalik, kwashe tulunki ki kai gida. Sobotka, kai ma ɓace min. Kowalik, in na sake ganin haka sai na yanke maka kuɗin yini."

Ya sa aka sauko da ambulan ɗin aka ba ta a hannu. Ni da Alfons muka riƙo Ewald har gida. Sai da muka kai ƙofa Ewald ya samu iska ya ce, "Hedi, hannunki da nauyi." Ta ce, "Yi min shiru." Da yamma na ji ta ta bango tana amai.

Sauran shidan suka wuce. Ƙarshen watan Maris ya cika shekararsa ashirin da biyar, ya je wurin likita da ƙafarsa, likita ya dubi hoton ƙirjinsa ya ce bai san da me mutumin nan yake numfashi ba. Aka ba shi takardarsa cikakkiya. Ya yi wata goma sha ɗaya a kujerar taga da matasai uku a baya, yana kallon tattabarun da Alfons ke sakar masa. Ulla takan zo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa da kwat ɗinta a jiki. Hedwig ta so ta gaya mata, Ewald ya hana, wai kar magana ta fita kamfani ya ce an yaudare shi ya taɓa takardar. Ya rasu a watan Fabrairu, 1960.

Bayan jana'iza aka taru shan kofi da kek a ɗakin bayan mashaya, yadda aka saba. Hedwig ta miƙe tsaye ta ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ta ce mijinta bai taɓa zama mashayi ba, ita ce ta shirya komai, ta faɗi dalili daga farko har ƙarshe, a taƙaice, ba kuka. Mutane suka saurara cikin ladabi. Da ta zauna, Lene Dudek ta dafa hannunta.

"Allah sarki, Hedwig. Haka ake so, mace ta rufa wa mijinta asiri. Ƙura dai kowa yana da ita, amma mun gani da idonmu. Ci kek ɗinki."

Na tashi na ce gaskiya ta faɗa, ni shaida ce. Alfons ma ya ce shi shaida ne, yana riƙe da kofi na huɗu. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wani ya ce ai dole, abokin sha ba ya tona abokin sha. Ulla tana kallon farantinta. A hanyar gida na ce wa Hedwig ta sake gwadawa, ko da wa 'yarta ce. Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya. Ba zan tsaya ina kafa hujja a kan Ewald kamar wanda ake tuhuma da sata ba." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ta hana ni.

Bayan shekara biyu aka koma biya ta banki. Aka rufe tagar, daga baya aka cire matakalar, bakin get ya zama wurin ajiye kekuna. Alfons ya rasu a 1968. Hedwig ta ci fanshon nan shekara ashirin da huɗu, ba ta taɓa neman komai a hannun kowa ba, labulenta da sitaci har ranar da ta kwanta. Kullum ƙarfe uku muna shan kofi tare, yau a ɗakinta gobe a nawa. Ta rasu a 1984.

Ulla ta zo kwashe kaya, ita ma lokacin ta yi furfura. Ta ƙwanƙwasa min ƙofa da tsohon gwangwanin sukari a hannu.

"Inna Trude, dubi tarkacen da Mama ta ɓoye a bayan kwanuka. In zubar ko?"

Ambulan ne ruwan ƙasa, an ɗaure su da zare, daga Fabrairun 1958 zuwa Maris na 1959. Na karɓa na ajiye a tebur. Na buɗe durowa na ɗauko wani tsohon na Alfons da nake ajiye irin kabeji a ciki, bakinsa a farke kaca-kaca inda yatsa ya shiga, na ajiye kusa da nata. Ulla a unguwar nan ta girma, ta san yagar mashayi, ta kuma san wuƙar dankalin uwarta. Ta kwance zaren. Ta ɗauki na farko ta bi bakinsa da yatsa, sak. Ta ɗauki na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda aka farke, har ta kai na arba'in da biyu, ta sake komawa farko. Sannan ta zauna a kujerar da uwarta ke zama.

Ta ce, "Ya roƙe ni in kawo masa Renate. Sau biyu ya roƙe ni."

Na ce na sani, ta bango na ji. Na tashi na ɗora ruwan kofi.